Wa Ɗan Makaranta Ke Rubuta Wa? Daga Kayen Ponti Zuwa Ƴan Zanen Samaru

Manyan marubuta da masu zane na Afirka da ake sa mu haddace sunayensu saboda jarrabawa, da yawansu a makaranta suka fara, tun ba wanda ya san da su. Wani cikin kaye ya fara, wani kuma a wata ƴar mujalla da abokansa suka buga da kuɗin karo-karo. Tunda mu ma abin da muke yi ke nan da wannan ɗan littafi na fotokofi, ya kamata mu san waɗanda suka riga mu bin hanyar. Maganar boko nake fa, domin a ajami almajiran zaurukan ilimi sun daɗe suna kwafar waƙoƙin juna tun kafin Nasara ya zo. Tambaya ɗaya nake so mu riƙe muna bin tarihin: in ɗan makaranta ya zauna zai yi rubutu ko zane, wa yake sa rai zai gani, kuma da wane harshe yake masa magana? Amsar ta sha sauyawa daga 1933 zuwa yau, kuma har yanzu akwai gurbi guda da ba a cike ba.

Kayen Ponti

Mu fara da ɓangarenmu na Faransa. Lakwal William Ponty, wadda ake ce wa Ponti a taƙaice, ita ce makarantar da Nasara suka tanada domin horar da malamai da ma'aikatan ofis na duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu. An kafa ta a garin Saint-Louis na Senegal a 1903, aka mai da ita tsibirin Gore kusa da Dakar a 1913 (ba Gurenmu ba fa), sannan aka kai ta Sebikotan a 1938. Daga ƙasarmu, Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary duk ta nan suka bi.

Daga 1933 aka ɗora wa ɗaliban wani aiki. In an tafi dogon hutu, kowa ya koma garinsu ya yi tambaye-tambaye a kan wata al'ada, ya rubuto ya kawo. Wani ya yi a kan aure, wani a kan abinci, wani a kan tatsuniyoyi ko wasannin yara. Da yawansu sun haɗa da zane na hannunsu domin mai karatu ya ga abin da ake faɗi. Kusan 800 na waɗannan kaye suna ajiye a cibiyar IFAN da ke Dakar, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta sa su cikin rajistarta ta muhimman takardun tarihi na duniya. A zamanin ne kuma ɗaliban suka riƙa shirya wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara. Bernard Dadié na Kodebuwa yana ɗalibi ya rubuta Assémien Déhylé, kuma a 1937 aka kai wasannin ƴan Ponti har Paris.

Aiki ne mai daraja, ba mai musu. Abubuwa da yawa da suka ɓace a ƙauyuka yau sai a kayen nan za a same su. Amma ku duba wanda ake rubuta wa: mushe ne, Bafaranshe, mai ba da maki. Saurayi zai zauna ya bayyana yadda ake dama fura dalla-dalla kamar bai taɓa sha ba, domin wanda zai karanta shi ne bai taɓa sha ba. Da Faransanci aka yi, aka gyara da jan alƙalami, aka adana a Dakar. Tsohuwar da ta ba da labarin ba ta taɓa jin yadda aka rubuta shi ba, ƙannen marubucin ma ba su gani ba.

Gasar 1933

A daidai wannan shekara ta 1933, a ɓangaren Ingila, wani abu na faruwa kudu da mu. Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. East ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman masu rubutu, kuma shi da kansa ya faɗa daga baya cewa ya sha wuya kafin ya shawo kan malamai, domin a wurinsu ƙaga labari aikin tatsuniya ne, ba na mai ilimi ba. Waɗanda suka amsa, yawancinsu mutanen Kwalejin Katsina ne, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920 domin horar da malamai. Abubakar Imam yana da shekara 22, bai daɗe da fitowa daga kwalejin ba, ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya gama a shekarar gasar, ya rubuta Shaihu Umar. Bello Kagara, wan Imam, ya rubuta Ganɗoki, Muhammadu Gwarzo ya rubuta Idon Matambayi, sai Jiki Magayi da John Tafida ya yi tare da East ɗin.

Kun ga a nan an samu abin da Ponti ta rasa, wato harshen gida. Yaro a Katsina ko Daura zai iya karanta wa kakarsa ta yi dariya. Sai dai mai karatu na farko, wanda in bai yarda ba littafi ba ya fita, shi ne East. Shi ya tsara tsawon labarin da ake so, shi ya sa Imam ya cire wasu labarai da ya ce daga littattafan wasu aka ɗauko su, kuma an buga littattafan ne domin a samu abin karantawa a makarantun gwamnati.

Ga mu masu nazarin harshe akwai darasi a nan. Abin da muke kira daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina a kan karin Kano, ba taro ɗaya aka yi aka ce yau ta tabbata ba. Ta zauna ne saboda an yi ta rubuta ta ana karantawa: littattafan gasar, sai Magana Jari Ce daga 1937, sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939 Imam yana editanta. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ta wannan hanya idon mutane ya saba da su. Samari ƴan shekara ashirin da ƴan kai suna cikin waɗanda suka murza rubutun nan har ya yi laushi.

Samaru, 1958

Nau'i na biyu na rubutun ɗalibai shi ne wanda ba malami ya sa ba. Misalin da aka fi sani shi ne L'Étudiant noir, ƴar jaridar da ɗalibai baƙar fata suka fitar a Paris a 1935, wadda Aimé Césaire ya jagoranta, Senghor ya yi rubutu a ciki, kuma a shafinta ne kalmar négritude ta fara bayyana. A 1958 irin wannan ya tsiro a wurare da dama kusan lokaci guda. A Jami'ar Ibadan wani ɗalibi, J. P. Clark, da taimakon malaminsa Martin Banham, ya fara The Horn, mujallar waƙoƙi da ake bugawa da injin juyawa da hannu, irin wanda iyayenmu ke ce wa roneyo. Waƙoƙin Wole Soyinka da Christopher Okigbo sun fito a ciki. A Makerere ta Uganda kuma aka fara Penpoint, inda Ngugi wa Thiong'o ya buga labarinsa na farko.

Wanda ya fi kusa da mu a Zariya ya faru, a unguwar Samaru, a kwalejin fasaha da kimiyya ta Nijeriya, wurin da ya zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1955 aka dawo da sashen koyon zane daga Ibadan zuwa can. Manhajar daga makarantun zane na Ingila aka ɗauko ta, malaman yawancinsu Turawa ne, kuma babu darasin tarihin zanen Afirka a ciki. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu, Zaria Art Society. Akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, Simon Okeke, Oseloka Osadebe da wasu. Daga baya ne aka laƙaba musu suna ƴan tawayen Zariya, amma ba su ƙaurace wa aji ba, ba su fasa tagogi ba. Suna zuwa darasi, suna cin jarrabawa, in an tashi kuma su haɗu su tattauna ayyukan juna.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne aikin da suka ɗora wa kansu, domin kusan irin na Ponti ne. Suka ce in an tafi hutu kowa ya bincika zane da tatsuniyoyin garinsu ya kawo. Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafancan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Wasu daga cikin rubuce-rubucen da suka yi a kan al'adun garuruwansu sun fito a Nigercol, mujallar ɗaliban kwalejin. Bambancin da ke tsakaninsu da ƴan Ponti shi ne wanda ake kawo wa binciken. Su abokansu suke kawo wa, babu maki, kuma manufar ita ce a ɗauki abin a yi sabon aiki da shi. A watan Oktoba na 1960, watan da Nijeriya ta samu ƴancin kai, Okeke ya yi wa ƙungiyar jawabin da ake kira Natural Synthesis. Ma'anarsa a taƙaice: mai zane ya riƙe dabarar da ya koya a aji, ya haɗa ta da siffofin gidansu, har su zama abu ɗaya ba tare da an ga ɗinki ba.

Ba kowa ya yarda ba. Jimo Akolo, wanda yana cikin gwanayen ajin, ya ja da baya, domin a ganinsa bai kamata a shata wa mai zane hanyar da zai bi ba. Kuma shi ne ma ya fi zana rayuwar Arewa, makaɗa da mahaya dawaki da ƴan dambe. Wannan saɓani ai lafiya ne, ƙungiyar da kowa ke cewa to ba ta daɗewa da amfani.

Shekara uku kacal ƙungiyar ta yi, aka rufe ta a 1961 da manyanta suka gama karatu. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Okeke ya yi zanen cikin wani bugu na Things Fall Apart, daga baya ya shugabanci sashen zane a Jami'ar Nsukka. Grillo ya daɗe yana jagorancin koyar da zane a kwalejin Yaba da ke Legas. Nwoko ya koma gine-gine, har aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin gine-gine na Venis a 2023. Onobrakpeya kuma shi ya zana hotunan An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi, littafin da masu nazari suka daɗe suna nuna kamanninsa da Jiki Magayi.

To ga inda gizo ke saƙar. Waɗannan samari kusan duk daga kudancin Nijeriya suka zo, domin a lokacin ƴan Arewa da suka kai wannan mataki na boko kaɗan ne. Da Ingilishi suke muhawara, da shi suke rubutu. Ƴan kilomitoci daga ajinsu ga birnin Zazzau, ga masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ga gidaje masu zanen dagi a fuska, ga Kamfanin Gaskiya yana buga Hausa. A gari ɗaya aka samu ɗalibai masu rubuta wa juna da kuma injin buga Hausa, amma abubuwan biyu ba su haɗu a mujalla ɗaya ba.

Kano ta cike rabi

Waɗanda suka zo suka rubuta Hausa domin sa'o'insu, ba tare da jiran wani edita ya yarda ba, a wajen jami'a suka fito. A shekarun 1980 matasa a Kano da kewaye suka fara buga littattafansu da kuɗinsu suna kai wa kasuwa. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta ajin yaƙi da jahilci ta koma karatu, ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, shi ma ta karatun manya ya bi. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suna duba rubutun juna, suna tallata littattafan juna a bayan nasu. Littattafan sun tsallako iyaka har kasuwannin Damagaram da Maraɗi, kuma da yawa cikin yayyenmu da suka yi lakwal da Faransanci zalla, a jikinsu suka koyi karanta Hausa.

Jami'a kuwa da farko kallon raini ta yi musu. Aka kira su adabin kasuwar Kano, aka yi shekaru ana muhawara a jaridu, Ibrahim Malumfashi yana suka, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suna karewa. Ko ma wa ya fi gaskiya, abin lura shi ne masu digiri suna gefe suna auna abin, waɗanda ba su da shi su ne ke rubutawa.

Mu kuma fa?

A ƙasarmu takardun doka ba su yi ƙaranci ba. An yi taron Bamako na 1966 kan rubuta harsunan yankin, an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, an fitar da ƙa'idar rubutu a 1999, wadda ita ta sa muke rubuta ƴ inda ƴan Nijeriya ke sa 'y. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Amma manyan littattafan da aka san yankinmu da su fa? Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya nan gabas da mu, da Faransanci ya rubuta Sarraounia a 1980. André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, da Faransanci ya rubuta wasan Tanimoune. Ba laifinsu ba ne, zamaninsu ne ya ba su wannan alƙalami. Sai dai tarihin Zariya ya nuna mana cewa doka ba ta sa harshe ya zauna a takarda, yawan rubutu ke sa shi. In mu da aka koya wa nahawu da tsarin sauti ba mu rubuta ba, Hausar da za ta shiga littattafan ƙannenmu za ta zama fassarar Faransanci kalma bayan kalma, ko kuma kwafin ta Kano.

Gurbin da na ce ba a cike ba ke nan: ƴan makaranta su rubuta wa junansu, da harshen da suke hira da shi. Ga abin da nake ganin tarihin nan ya koya mana a aikace.

Na farko, mu rubuta Hausarmu yadda take. In mutumin cikin labari ɗan Gamu ne, lakwal zai ce, mushe zai ce, alimeti zai saya, kuma in ya ce dala, tamma biyar yake nufi. A bar masa bakinsa, in ya so a sa ɗan jerin kalmomi a shafin ƙarshe domin mai karatu na Kano. Amma a kiyaye lanƙwasa ko da a waya aka buga, domin baki daban, baƙi daban.

Na biyu, kada Hausa ta yi wa wasu abin da Faransanci ya yi mata. A ƙasar Gure akwai gidaje da yawa da Barbarci ake tashi da shi, wasu Fillanci, wasu Buzanci ko Tubanci. Wanda ya kawo tatsuniya da harshen uwarsa a buga ta da shi, a sa Hausar a shafin da ke kallonta.

Na uku, masu zanenmu su daina jin kunyar rashin launi. Yawancin zanen uli na Okeke da alƙalami da baƙar tawada ya yi su. Zanen ƙwarya, zayyanar allo, ƙunshi, aikin wuyan riga, duk layi ne, kuma layi shi ne abin da injin fotokofi ya fi fitarwa da kyau. A rubuta sunan mai zane kamar yadda ake rubuta na marubuci.

Na huɗu, ajiya. L'Étudiant noir, duk da sunan da ta yi, masana sun yi shekaru suna neman kofofinta, kaɗan ne suka tsira. Kayen Ponti sun tsira domin akwai hukumar da ta kulle su a ɗaki. Labarin ƙungiyar Samaru kuwa an san shi dalla-dalla ne saboda Uche Okeke mutum ne mai rubuta abin da ya faru kullum, mai kuma adana takarda. Mu ba mu da IFAN, muna da gara da ɗigon damina. Kowace fitowa a sa mata lamba da wata da shekara da sunan gari, a ajiye kofi uku a gidaje uku, a kuma ɗauki hoton kowane shafi.

Dogon hutu na tafe. Ina ba da shawara kowa ya ɗauki aikin da aka ba ƴan Ponti, wanda ƴan Samaru suka ba kansu: ya zauna da wata tsohuwa ko wani maƙeri ko mai gyartai, ya saurara, ya rubuta ko ya zana. Kafin ya kawo mana, ya fara karanta wa wanda ya ba shi labarin, ya ji ko zai ce haka ne. In mun dawo sai mu haɗu mu karanta wa juna, mu yi gardama a kai, abin da ya tsaya mu kai wa mai fotokofi.